Daga Baushe Zuwa Jatau: Yadda Ɗan Rakiya Ke Ƙwace Labari

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Bauchi ya ji labarin Baushe. An ce maharbi ne da Malam Yakubu ya tarar a wannan daji lokacin da yake neman inda zai kafa gari bayan zamansa a Inkil, wajajen 1809. Maharbin ya nuna masa wuri yamma da dutsen Warinje, Yakubu kuma ya yi alkawarin sa wa garin sunansa. Iyakar rabonsa a labarin ke nan. Bai karɓi tuta daga hannun Shehu ba, bai ja runduna ba, ba a ce ga gidansa ko ga zuriyarsa ba. Masana tarihi ma suna da ja, domin tun kafin jihadi Hausawa na kiran ƙasashen da ke kudu da su da sunan Bauchi. Amma gardamar masana ba ta hana kaka ba jikanta labarin maharbin ba, kuma yaron da zai kasa jero maka sarakunan Bauchi uku a jere zai kawo maka Baushe ba tare da inda-inda ba.

Yaya aka yi mutumin da ya leƙo labari sau ɗaya ya koma daji ya fi wasu jarumai daɗewa a bakin jama'a? Amsar ta fi fitowa fili a inda labari ba na mutum ɗaya ba ne, wato a wasa.

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Ba irin lido ko karta da ake bugawa a majalisun unguwannin Wunti da Jahun ba ne, don babu wanda ke cinye wani. Mutum huɗu ko biyar ke kewaye tebur, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labari, wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, wancan boka. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora: shi ke siffanta gari da daji, shi ke magana da bakin duk wanda aka gamu da shi a hanya, daga sarki har mai sayar da gawayi. Idan ɗan wasa ya ce zai haura katanga, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko ya haura ko ya faɗo. Jagora yakan kwana yana tsara babban mugu da fadarsa, washegari 'yan wasa su share shi, su liƙe wa wani almajirin maƙeri da aka ƙirƙira nan take don kawai ya nuna masu hanya.

Vecna shi ne misalin da ya fi shahara. A wani ƙaramin littafin ƙarin dokoki mai suna Eldritch Wizardry, na 1976, aka fara ambatonsa, kuma ko fitowa bai yi ba. Hannunsa da idonsa kawai aka kawo a matsayin kayan tsafi na wani matsafi da ya daɗe da shuɗewa, waɗanda ba sa yi wa mutum aiki sai ya rabu da nasa hannun ko idon ya dasa su. 'Yan layuka ne. Amma kowane tebur sai da ya tambayi kansa: wane ne wannan da gaɓoɓinsa kaɗai ke da irin wannan ƙarfi? Kowa ya ba da tasa amsar. Sai a 1990 kamfanin wasan ya fito da shi da jikinsa a littafin Vecna Lives!, zuwa 2000 ya shiga jerin allolin duniyar wasan, a 2022 kuma shirin Stranger Things na Netflix ya ara sunansa ya ba dodonsa. Akwai kuma Meepo, wani ɗan ƙaramin halitta mai kama da ƙadangare a littafin The Sunless Citadel na 2000, wanda 'yan wasa ke tararwa yana kuka don an sace jaririn dodon da aka ba shi kiwo. An sa shi ne ya ba da bayani, ya raka su neman dodon, a wuce. Tebura da yawa suka ƙi wucewa, suka ɗauke shi suka yi ta yawo da shi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan harka, sai dai shi ba ya buƙatar tebur. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yaran Bauchi kamar na Kano da Zariya sukan fito tashe gida-gida. A duba waɗanda ake kwaikwaya. Tashe bai damu da jarumai ba. Tsoho ne da gemun auduga yana dogara sanda, gwauro ne da aka ɗaure da igiya aka rataya masa tarkacen kicin, Mairama ce da Daudu a wasan 'yan mata, sai kuma Jatau mai magani. Waɗannan duka mutanen gefen hanya ne, irin waɗanda a labarin yaƙi ko sunansu ba za a kama ba.

Jatau ya cancanci a tsaya a kansa. Yaro ne zai sha layu da guraye, ya rataya tsohuwar jaka ko buzu, ya baza saiwoyi da ɓawon itace, yana jero sunayen magunguna da cututtukan da suke warkarwa, sauran yara na amsawa. Ba wanda zai gaya maka garin su Jatau, ko wa ya koya masa magani, ko yana da mata. Wannan rashin shi ne jarinsa. Yaron Ƙofar Dumi zai cusa itatuwan da ya sani a jerin, na Ƙofar Ran ya sa nasa, wani mai wayo ya ƙirƙiro maganin cutar da ke damun unguwa a wannan shekarar, matan gida su fashe da dariya, a ƙara masa hatsi ko 'yan canji. Abin da ya ba da dariya a gidan farko shi za a maimaita a gida na biyu, abin da bai ci ba a yar da shi a zaure. Kafin a gama zagaya unguwa an tace Jatau, kafin baɗi ƙannen da suka bi ayari suna amshi sun gaje shi. Ba marubuci, ba mai gyara, sai kwanon da ake miƙawa. A ganina babu alƙalin adabi da ya kai wannan kwanon gaskiya.

Amshin nan ba ado ba ne. Shi ne ke mayar da mai kallo ɗan wasa, kamar yadda tatsuniya ba ta tashi sai masu sauraro sun ba da izini da bakinsu. Wanda ya amsa ya sa hannu, wanda ya sa hannu kuwa yana jin yana da haƙƙi a kan mutumin cikin labarin. Shi ya sa yara ke yi wa mai tatsuniya gardama idan ta sa Gizo ya yi magana garau ba da tsamin bakinsa ba. Alama ɗaya tak, mai sauƙin kwaikwayo, ta ishi a gane shi a kowane baki: tsamin bakin Gizo, jakar Jatau, hannun Vecna.

Ƙoƙi, matar Gizo, ma abin dubawa ce. A tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar a Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, Gizo ne ke kai da komo, ita tana gida, ana aikenta, ana yi mata ƙarya, wani lokaci ta rufa masa asiri, wani lokaci ta tona. Duk da haka ita ta shiga karin magana, har ake cewa tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi, kuma wanda bai taɓa zama gaban kaka ba ya san abin da ake nufi.

Rubutaccen adabi ya san wannan sirri, ko da yake hannunsa a ɗaure yake. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, Abubakar Imam ya tara sarki da ɗan sarki da waziri maci amana, amma tsuntsun da aka sayo, Aku, shi ya tashi da littafin har ya zama waziri. A Ruwan Bagaja na 1934 Alhaji Imam ne mai labari, sai dai tsofaffin ɗalibai Malam Zurƙe suke fara tunawa. A wannan shekarar ce Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, lokacin yana malamin makaranta a nan Bauchi, daga baya Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Shaihu Umar mutum ne kammalalle, mai ilimi da haƙuri, an faɗi asalinsa da tafiyarsa da inda ya ƙare. Ana girmama shi, ana karanta shi don jarrabawa, amma yara ba sa ɗaukarsa su fita da shi titi, domin marubucin bai bar masu gurbin da za su sa nasu ba.

A nan ne nake ganin masu Dungeons & Dragons suka yi wa kansu. Da suka ga Vecna ya karɓu sai suka bi shi da littafi bayan littafi, har da wanda suka fitar a 2024 don cikar wasan shekara hamsin, aka ba shi uwa da ƙuruciya da dalilin muguntarsa. Kowane bayani da aka ƙara ya toshe wata ƙofa da 'yan wasa ke shiga da tunaninsu. Vecnan 1976, mai hannu ɗaya da ido ɗaya a cikin akwati, ya fi na yau ban tsoro.

Namu haɗarin daban ne. Jatau ba shi da kamfanin da zai cika shi da bayani, amma yana rayuwa ne kawai muddin ana fita da shi. 'Yan sandan Kano sun sha dakatar da tashe saboda 'yan daba da ke fakewa da shi, iyaye da dama a garuruwanmu kuma sun daina barin yara fita da dare, wayar hannu ta ɗauke sauran. Masu son adana al'ada sukan ce a rubuta, a ɗauka a bidiyo. A rubuta ɗin, ba laifi, amma rubutaccen Jatau hoto ne kawai. Masu unguwanni da malaman firamare na Bauchi su nema wa yara fili mai tsaro a azumin da ke tafe, ko harabar makaranta ce, a ba su auduga da tsohuwar jaka, kada kuma wani babba ya rubuta masu abin da za su faɗa.