Kama da Wane Ba Ta Wane: Gine-ginen Khartum da Koyi da Halitta

Birnin Khartum yana zaune a inda manyan koguna biyu suka haɗu, watau Farin Nilu da ke tahowa daga kudu, da Shuɗin Nilu da ke gangarowa daga duwatsun Habasha. Mutane da yawa suna cewa sunan birnin daga Larabci ne, ma'anarsa kuwa hannun giwa, domin siririyar ƙasar da ke tsakanin kogunan ta yi kama da shi. A ƙetaren ruwa, wajen yamma, ga Umdurman da tsohuwar kasuwarta. Hausawa sun daɗe da sanin waɗannan garuruwa, gama ta ƙasar Sudan kakanni suka riƙa bi zuwa Makka, waɗansu kuma suka zauna can har suka yi jikoki.

Ƙasar tana da zafi ƙwarai. A watannin Mayu da Yuni zafin rana yakan wuce digiri 40, ruwan sama kaɗan ne, ga kuma guguwar ƙura da ake kira habub, wadda takan rufe gari har rana ta koma kamar dare. Duk wanda zai yi gini ko ya sassaƙa gado a irin wannan wuri, tilas ya yi shawara da rana da iska da ƙura.

A zamanin nan masu zanen gine-gine da kayan ɗaki a ƙasashe da yawa suna cewa daga halitta suke ɗaukar darasi. Akan ga kujera mai siffar ganye, fitila mai siffar fure, da dogon bene mai siffar ƙwai. Amma koyi da halitta iri biyu ne. Akwai mai ɗaukar kamannin abu, akwai kuma mai lura da yadda abin yake aiki, ya ɗauki halinsa. Khartum da Umdurman suna da misalan duka biyu, kuma sun isa a auna su.

Ƙwan gilashi a bakin kogi

Ginin da baƙo ya fi saurin ganewa a Khartum shi ne otal ɗin da aka buɗe a 2008 da sunan Burj al-Fatih, daga baya aka kira shi Corinthia. Gwamnatin Libiya ta zamanin Gaddafi ce ta ba da kuɗin gina shi. Bene ne mai hawa 18, na ƙarfe da gilashi, kusa da mahaɗar kogunan. Masu zanensa sun nufi siffar filafilin jirgin ruwa wanda iska ta cika, amma mutanen gari da suka dube shi sai suka sa masa suna Ƙwan Gaddafi, sunan kuwa ya bi shi.

Ba a musun cewa ginin yana da kyan gani, musamman da yamma sa'ad da hasken rana ya faɗo a kan ruwa. Sai dai a tambaya, me ya koya daga ƙwai, me kuma ya koya daga filafili? Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako yake shan iska. Filafili kuwa aikinsa ke nan ya kama iska ya mai da ita ƙarfin tafiya. Benen gilashi ba ya shan iskar waje, ba ya kuma aiki da ita. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya riƙe zafin a ciki, kamar motar da aka rufe aka bar ta a rana. Saboda haka ran irin wannan gini yana hannun na'urar sanyaya ɗaki, ran na'urar kuma yana hannun wutar lantarki. Ranar da wuta ta ɗauke, siffar ƙwai ba za ta sanyaya kowa ba. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane.

Masallacin da ya ɗauki fiye da siffa

A gefen Umdurman, daura da mahaɗar kogunan, akwai Masallacin Nilain, watau masallacin Nilu biyu. Wani ɗalibin zanen gine-gine a Jami'ar Khartum, Gamar al-Dawla Abdulƙadir, shi ya zana shi a matsayin aikinsa na gama makaranta. Shugaba Numeiri ya ga zanen ya so shi, aka fara ginin a shekarun 1970, aka buɗe shi a 1984. Zagayayyen gini ne, rufinsa na alminiyam, ana kuma kwatanta shi da ƙumbar da ake tsinta a bakin kogi.

A nan an yi gaba da taki ɗaya. Ƙumba, kamar ƙwarya, ba ta da kauri, amma lanƙwasarta tana rarraba nauyi ko'ina, shi ya sa take da ƙarfi. Mai zanen ya ɗauki wannan hali, ya rufe babban ɗakin salla ba tare da ginshiƙai a tsakiya ba, sahu yana miƙewa babu abin da ya tsinka shi. Siffar ta yi wa masu shiga ginin aiki. Abin da ya rage a kansa shi ne kayan rufin, gama ƙarfe yana saurin ɗaukar zafi, kuma ba abu ba ne da maginin unguwa zai iya gyarawa da abin da ke hannunsa.

Gadon igiya da randa

Kafin a yi jami'a, masassaƙan Sudan sun riga sun warware wata matsala da har yanzu take damun masu digiri. Gadon gargajiya na ƙasar sunansa angarib. Itace ne huɗu aka haɗa a kan ƙafafu huɗu, aka saƙa tsakiyar da igiyar kaba ko da tsirkiyar fata. Iska tana bi ta ƙarƙashi, ta ratsa saƙar, ta busar da gumin mai kwanciya. Ba shi da nauyi, yaro biyu sa iya fitar da shi tsakar gida da dare, su mai da shi inuwa da safe. In igiya ta saki a ɗaure ta, in ta tsinke a sake saƙa. A kansa ake zaunar da ango da amarya ranar biki, a kansa kuma ake ɗaukar gawa zuwa makabarta.

Gadon tsoho ne ƙwarai. A garin Karma na arewacin Sudan, masu tonon kayan tarihi sun sami kaburbura na shekara fiye da 3,500, an kwantar da matattu a kan gadaje irin wannan, an kuma sassaƙa ƙafafun gadajen kamar ƙafafun sa. Wannan ya nuna cewa ɗaukar siffar dabba ko tsiro domin ado ba laifi ba ne. Mutanen Karma sun yi ado, amma a kan gadon da ya riga ya iya aikinsa suka yi shi.

Daga baya kasuwa ta cika da gadajen ƙarfe da aka saƙa da igiyar roba. Suna da araha, suna daɗewa, sun kuma rage saran itatuwa, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne a ƙasar da hamada take ci. Amma ƙarfe yana ƙuna in ya sha rana, roba kuma ba ta shan gumi. An riƙe siffar angarib, an zubar da rabin hikimarsa.

Haka kuma randar da suke kira zir, wadda ake jerawa a bakin hanya a ƙarƙashin rumfa domin mai wucewa ya sha kyauta. Jikin randa yana tsattsafo da ruwa, iska ta busar da shi, abin da ke ciki ya yi sanyi, daidai yadda gumi yake sanyaya jikin mutum. Randa ba ta yi kama da fatar mutum ba ko kaɗan, amma aikinsu ɗaya ne. A kan wannan hikima ce Muhammad Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya tsara randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana tumatir da ganye. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, dabarar kuma ta kai har Darfur.

Asibitin da aka gina kewaye da mangwaro

Ginin zamani da ya fi kusa da wannan tafarki yana Soba, kimanin kilomita 20 kudu da Khartum, kusa da Shuɗin Nilu. Shi ne asibitin tiyatar zuciya na Salam, wanda ƙungiyar agaji ta Italiya mai suna Emergency ta buɗe a 2007, ana yi wa marasa lafiya aiki kyauta. Kamfanin TAMassociati ne ya zana shi, a 2013 kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan.

Wanda ya dubi asibitin daga nesa ba zai ga siffar ganye ko ta tsuntsu ba. Gini ne mai sauƙin fasali, wanda aka kewaye fili da shi, a tsakiyar filin kuwa manyan itatuwan mangwaro ne da aka tarar a wurin, aka ƙi sare su. Bangon bulo ne, kaurinsa ya wuce rabin mita, tagogin ƙanana, domin zafi ya sha wuya kafin ya shiga. Iskar da za ta shiga ɗakuna sai ta fara bi ta wani lungu mai kwane-kwane a ƙarƙashin ginin. Tana bugun bango tana rage gudu, yashin da ta ɗauko yana zubewa, sa'an nan a fesa mata ruwa ya wanke sauran ƙurar, ya kuma rage mata zafi. Rana da take ƙona gari ita ce aka sa ta dafa ruwan da ke taimakon na'urorin sanyaya asibitin. Rumfunan da ke ba masu jiran majiyyata inuwa an saƙa su bisa ga dabarar saƙar gadon gargajiya. Kwantenonin da suka kawo kayan gini ma ba a yar da su ba, an mai da su ɗakunan ma'aikata, aka yi musu shinge na gora domin tare rana.

Irin wannan tunani ne Mick Pearce ya bi a Harare ta Zimbabuwe, inda ya lura da yadda iska take zagayawa cikin surin gara, ya zana ginin Eastgate da aka buɗe a 1996. Ginin bai yi kama da suri ba, numfashin suri ya ara.

Duk da haka asibitin Salam yana da iyakarsa. Da kuɗin waje aka gina shi, masu zanen baƙi ne, na'urorinsa kuma suna bukatar gwanaye. Ba kowace unguwa ce za ta iya irinsa ba. Abin da kowa zai iya ɗauka daga gare shi ba ya cin kuɗi da yawa: a bar itacen da aka tarar, a kauraro bango, a rage taga a gefen rana, a ba masaƙin gari aiki.

Darasin gawo

Shahararren mai zane Ibrahim el-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ya yi shekaru yana zana itace guda, wanda mutanen Sudan suke kira haraz. Gawo ke nan, wanda kowane manomi a ƙasar Hausa ya sani. Halinsa dabam ne da na sauran itatuwa. Da damina yakan zubar da ganye, ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Da rani, sa'ad da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore, ya ba da inuwa, dabbobi su ci 'ya'yansa. Gawo ba itacen ado ba ne, amma yana ba da abin da ake bukata a lokacin da ake bukatarsa. Da wannan mudu ya kamata a auna kowane gini da kowace kujera da aka ce daga halitta aka koyo su.

Maganar tana da nauyi yanzu fiye da dā. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF ya ragargaza tsakiyar Khartum. A watan Satumba na shekarar, dogon benen gilashi na kamfanin man fetur na Greater Nile ya ƙone, duniya tana kallo. Wutar yaƙi ba ta zaɓen gini, ba kuwa za a ɗora laifinta a kan mai zane ba. Amma watannin da unguwanni suka yi babu lantarki babu ruwan famfo sun nuna abin da yake tsayawa da mutum ranar wahala: inuwar itace, randa, da gadon da za a iya ja zuwa tsakar gida. Sojoji sun karɓe tsakiyar birnin a watan Maris 2025, aikin sake gini kuwa zai ɗauki shekaru. Waɗanda za su zana sabuwar Khartum suna da misalan nan duka a gabansu.

Zafin Sakkwato da Maraɗi ɗan'uwan na Khartum ne. Kwamitin da zai gina makaranta, ko ɗakin shan magani, ko majami'a, yakan so gilashi mai ƙyalli da rufin kwano, domin a ce an ci gaba, sa'an nan jama'a su zauna ciki suna fifita da takarda. Kafin a sa hannu a kan zane, ya kamata a tambayi mai zanen abu uku: ta ina iska za ta shiga ta fita, wane itace ne za a bari a tsaye, kuma yaya ɗakin zai kasance da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu in babu wuta.