Ƙarin lokaci a jarrabawa: wa ke samu, kuma me yake gyarawa?

Ka ɗauka kai sabon ɗalibi ne a wata jami'a a Amurka, kuma kana da disleksiya. Ba ƙarancin basira ba ne. Ƙwaƙwalwarka ce ke jinkiri wajen haɗa harafi da sautinsa, shi ya sa kafin ka gama karanta tambaya ta uku, na kusa da kai ya kai ta shida. Da za a karanta maka tambayar da baki, nan take za ka amsa.

Doka tana bayanka, a rubuce dai. Sashe na 504 na wata dokar 1973 da kuma dokar kare haƙƙin masu nakasa ta 1990 sun wajabta wa jami'o'i su yi maka sassauci. Abin da aka fi bayarwa shi ne ƙarin rabin lokaci: jarrabawar awa biyu ta koma awa uku. To a nan ne nake da ja.

Fara da yadda ake samunsa. A firamare da sakandare ta gwamnati, makaranta ce ke da alhakin gano yaron, ta gwada shi kyauta, ta rubuta masa tsarin karatu. Da ka shiga jami'a, wannan ya ƙare. Kai za ka je ofishin masu buƙata ta musamman da ƙafarka, ka faɗi larurarka, sau da yawa kuma a ce ka kawo rahoton gwaji daga ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam. Jami'a ba dole ba ne ta biya, kuma gwajin yakan ci dubban daloli. Ɗan mai hali ya kawo takarda cikin mako biyu. Ɗan talaka ya zauna yana ganin kamar shi ne daƙiƙi. Ƙungiyar jami'an da ke wannan aiki, AHEAD, ta fitar da jagora tun 2012 tana cewa bayanin ɗalibi da bakinsa hujja ce babba, amma jagora ba doka ba ce, kowace jami'a da nata sharaɗin.

Duk ƙofar da takarda ke buɗewa kuwa, kuɗi na iya sayenta. A badaƙalar shiga jami'a da ta fallasa a 2019, Rick Singer ya riƙa sa attajirai su nema wa 'ya'yansu shaidar larurar koyo ta ƙarya don a ba su ƙarin lokaci a jarrabawar SAT da ACT, sannan a kai su cibiyoyin da ya saye masu sa ido. Waɗanda suka ji jiki su ne masu larurar gaske, don yanzu har da zargi suke sha.

Sai ɓangaren da ya fi damuna a matsayina na mai bincike. A 2005, Stephen Sireci da abokan aikinsa sun bi diddigin nazarce-nazarcen da aka yi kan wannan sassauci. Sun ga cewa ƙarin lokaci yakan ɗaga makin ɗalibai gaba ɗaya, masu larura da marasa ita, ko da yake masu larurar sun fi amfana. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Idan kowa na ƙaruwa da ƙarin lokaci, ashe agogon ne ke danne ilimin mutane da yawa, ba na masu takarda kaɗai ba. Malamin tarihi da ya ba da awa ɗaya, me yake aunawa: fahimtar tarihi ko saurin karatu da rubutu? Na yarda akwai inda sauri shi ne aikin, kamar ma'aikaciyar jinya da za ta lissafa adadin magani a ɗakin gaggawa. Amma yawancin jarrabawa, jadawalin ɗakin ne ya yanke tsawonta, ba wani dalili na ilimi ba.

Kuma ba kowace larura ce lokaci ke magancewa ba. Ɗalibin da ke fama da larurar kasa tattara hankali, babbar matsalarsa ita ce raba aikin wata uku zuwa ƙananan matakai da tuna ranar miƙa kowanne. Ƙarin awa ɗaya a ɗakin jarrabawa bai taɓa wannan ba.

Akwai hanyar da ta fi. Cibiyar CAST, wadda David Rose da Anne Meyer suka jagoranta a baya, ta daɗe tana kira a tsara darasi tun farko yadda zai karɓi kowa: bayanan darasi a sa su a intanet kafin aji, littattafai su zama irin waɗanda kwamfuta ke iya karanta wa mutum, jarrabawa a ba ta isasshen lokaci ga kowa. Kwalejin Landmark da ke jihar Bamont, wadda aka buɗe a 1985 don masu disleksiya, tana koyar da dabarun karatu da tsara lokaci a cikin manhajar kanta. Sai dai wannan na buƙatar kowane malami ya sake zama da kwas ɗinsa, alhali ƙarin lokaci wasiƙa ɗaya ce daga ofis, malami ya sa hannu ya wuce.