A Buɗe Kalifar Birki a Gyara Ta

Da kaka ta kama a ƙasar Kafur, tsofaffin motocin Peugeot da suka yi damina a gindin bishiya sai su farka. A-kori-kura 504 ce ke kwaso masara da dawa da waken suya daga Mahuta, Gozaki, Masari da Dutsen Kura zuwa kasuwannin Bakori, Funtua da Dandume, an yi mata lodi har bayanta na neman taɓa ƙasa. Mai mota zai duba inji, ya ƙara wa sifirin ganye, ya nemo taya. Birki kuwa ba a tuna shi sai ranar da ya ƙi.

Motocin nan ba yara ba ne. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, kamfanin PAN na Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa Peugeot a 1975, kuma a 2006 aka daina haɗa 504 a Najeriya. Ke nan 'yar autarsu ma ta doshi shekara ashirin. Duk robar da ke jikin irin wannan mota ta tsufa, har da wadda ke cikin kalifa, wato ƙarfen nan da ya rungumi faifan birki a tayar gaba. Abin da ke damuna shi ne yadda sana'ar buɗe wannan ƙarfe a gyara shi take ɓacewa a garejinmu, ana maye gurbinta da cire-ka-sauya.

Aikin kalifa ba shi da wuyar ganewa. Direba ya taka birki, masta, wato famfon birkin, ta turo mai ta cikin bututu, mai ya tura fistin, fistin ya matse fad a jikin faifai. To me ke mayar da fistin baya idan an ɗaga ƙafa? Babu sifirin a wurin. Wata 'yar roba ce mai kusurwa huɗu da ke zaune cikin rami a jikin kalifar. Idan fistin ya yi gaba sai ta ɗan lanƙwashe, idan aka saki birki ta miƙe ta jawo shi baya kaɗan, iyakar abin da zai sa fad ya saki faifai. A bakin fistin kuma akwai roba ta biyu mai tare ƙura da ruwa. Wannan ta biyun ce lakar damina da jar ƙasar hanyoyin ƙauyukanmu ke fara kashewa. Da ta yage, ruwa ya samu hanya, tsatsa ta ci fistin, ya maƙale. Daga nan mota ta fara ja gefe ɗaya, taya ɗaya ta riƙa ɗaukar zafi tana ƙauri, fad na cinyewa da wuri, mota na shan mai ba a san dalili ba.

Tsofaffin makanikai da suka koyi aiki a zamanin da Peugeot ke cika hanyar Funtua zuwa Malumfashi ba sa gaggawa da irin wannan. Za ka ga dattijo ya shimfiɗa buhu mai tsabta, ya sa guntun katako a bakin kalifa, ya hura iska fistin ya fito a hankali ya daki katakon. Sai ya goge shi, ya ɗaga shi wajen rana, ya bi jikinsa da farce. In farce ya sarƙe a wani ɗan rami, wannan fistin ya gama aiki, don ramin zai yanka sabuwar roba cikin makonni. In sumul yake, a mayar da shi. Sannan ya koma kan ramin da roba ke zama, ya kankare tsatsar da ta taru ciki har ƙarfe ya fito fes, domin a nan ne yawancin aikin yake, kuma nan ne yara masu sauri ke tsallakewa. Ba ya wanke komai da fetur ko kananzir, saboda robar birki kumbura take yi in ta haɗu da su. Da man birki yake shafa sabuwar roba, ya zaunar da ita, ya tura fistin da manyan yatsunsa biyu. In bai shiga da yatsu ba, ba ya ɗaukar guduma. Sake fito da shi yake yi ya ga me ya hana. Kuma ba ya gyara dama ya bar hagu.

Yau kai mota gareji da wannan ciwo, abin da za ka fi ji shi ne, "Alhaji, kalifar nan ta mutu, sai dai a sayo wata." A aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a kawo 'yar Beljiyam. Ita 'yar Beljiyam ɗin daga jikin wata tsohuwar mota aka ciro ta, ta yi zaman jiran kwantena, ta yi zaman shago, robarta sa'ar wadda aka cire ce. A ɗaura ta ba a buɗe ba. Ta yi wata shida lafiya, damina ta zagayo, a koma gidan jiya.

Ba na ɗora wa makanikai laifin nan su kaɗai. Mu masu motoci mun saba biyan kuɗin ƙarfe ba musu, amma da an zo kuɗin hannu sai ciniki ya tashi. Bakanike ya yi rabin yini yana kankare rami, ya ce ga abin da za a ba shi, a ce masa, "Haba Malam, 'yar roba fa ka sa." Idan kuwa ya sauya kalifa ɗungurum cikin minti talatin, an ga sabon abu, an biya, shi ma ya samu ɗan abinsa wurin mai shago. Wa zai zaɓi wahala? Yaron da ke koyo a hannunsa kuma ya tashi bai taɓa ganin cikin kalifa ba. Akwai wani uzuri na gaskiya da su ma suke kawowa: robar kirki ta yi wuya, jabu ta cika kasuwa, ka sa ta yau ta saki gobe, a ce aikinka ne. Wannan haka yake. Amma maganinsa a nemi shagon da aka yarda da shi a biya tsadar, tunda ko mai tsadar ba ta kai kuɗin kalifa guda ba.

Sabon yayin da ya fi tayar min da hankali shi ne na "ƙara wa birki ƙarfi". A samo babbar kalifa ta jif ko ta wata motar daban, a kai wurin mai walda ya yanko ƙarfe ya haɗa mata mazauni, a ɗaura wa 504. Hujjar ita ce mota na ɗaukar kaya, tana bukatar birki mai kamu. Na fahimci damuwar, amma lissafin bai tsaya nan ba. Ɗauki fistin mai faɗin milimita 48 ka musanya shi da mai 60: man da ake bukata kafin ya motsa ya ƙaru da fiye da rabi. Masta kuwa ita ce ta da. Sai ƙafa ta riƙa nutsewa ƙasa kafin birki ya kama, direba ya koyi takawa sau biyu. In ya kama kuma, gaba ta fi baya kamu nesa ba kusa ba, tayoyin gaba su kulle da wuri, kuma tayar da ta kulle ba ta jin sitiyari. A kwanar da ke da tsakuwa, da buhu ashirin a baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma mazaunin da aka yi wa walda, wanda duk ƙarfin tsayar da motar a kansa yake sauka. Masu riƙon tsofaffin motoci a Turai su ma suna sauya kalifa, amma tare suke lissafa ta da masta da faifai da birkin baya.

Wanda ke son 504 ɗinsa ta tsaya da kaya, akwai inda ya kamata kuɗinsa ya tafi. A-kori-kura birkin kwano gare ta a baya, kuma a yawancin waɗanda na leƙa ba a ɗaure shi daidai ba, gaba ce ke aikin duka har ta ƙone. A gyara wannan. A sauya tiyon roba da ya tsage ko ya kumbura ta ciki. A zubar da tsohon mai gaba ɗaya, domin man birki yana shan ruwa daga iska: sabon mai samfurin DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155, kuma in ya tafasa a gangara ƙafa har ƙasa take zuwa ba abin da ya kama. Shekara biyu ta ishi mai a cikin mota. Sauyi ɗaya da nake goyon baya ba ja shi ne na tsofaffin Peugeot 404 masu layin birki guda: a sa musu masta mai layi biyu, yadda in ɗaya ya fashe ɗaya zai riƙe.

Akwai kuma abin da ba zan kira shi gyara ba ko kusa. Kalifa na yoyo a hanya, a buge bututun da guduma ko a cusa masa ƙusa a toshe, a ce "mu dai mu kai gida", sannan a yi wata uku ana tafiya da birkin taya uku. Wasu in mai ya ƙare ruwan Omo suke ɗurawa, ruwan da ke tafasa a digiri 100 yana kuma cin ƙarfe ta ciki. A saman lodin nan fa akwai mutane zaune, mata da 'yan dako da yara masu zuwa kasuwa.

Ina ganin rassan ƙungiyar makanikai ta NATA a Funtua da Malumfashi za su iya yin wani abu mai sauƙi: su tsayar da farashin gyaran kalifa wanda zai biya wahalar mai yi, su kuma sa dattawan da suka iya su nuna wa yara tun suna da ƙarfin zama a kan buhu. Mai mota kuma ya ce a buɗe a gabansa, ya ga fistin da idonsa, ya karɓi tsohuwar robar a hannu. In an gama a ɗaga motar da jak, a taka birki a saki, a juya tayar da hannu. In ta juya ba ta ja ba, dama da hagu, sai a sauke a yi lodi.