Akele Hum Akele Tum: ina yaron da iyayensa ba su yi kome ba?

'Yan'uwa, wannan fim ɗin Indiya na 1995 labarin mawaƙi ne, Aamir Khan, wanda matarsa, Manisha Koirala, ta bi sana'arta ta bar masa ɗansu ƙarami. Daga baya sai kotu, kan wa zai riƙe yaro. Nan fim ɗin ya faɗi gaskiya: lauyoyi na tonon silili, yaro na tsakiya yana son kowa, ba wanda ya tambaye shi.

Amma ƙarshen fa? 'Yan hawaye, sai sulhu, shi ke nan. To ai ba kowace rabuwa ke ƙarewa da kome ba. Tambayar da fim ɗin ya kauce wa ita ce: in aure ya mutu murus, yaya iyaye za su daina ramuwa a kan ɗansu?