Gani Bai Kori Ji Ba: Tarken Hotunan Agaji a Ƙasar Daura

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma babu abin da ya ci moriyar wannan karin magana a zamaninmu kamar hoto. Idan ƙungiyar agaji za ta nemi kuɗi, hoto take sawa a gaba. Idan ta raba kaya, da hoto take kafa hujja. Mai bincike ma, in yana so a yarda cewa ya taka ƙasar da yake magana a kanta, hoto yake liƙawa a rahotonsa. Mu ɗaliban adabi an hore mu da tuhumar kowane matani: wa ke ba da labarin, a ina yake tsaye, me ya zaɓa ya faɗa, me ya bari. Amma da zarar an miƙo mana hoto sai mu ajiye kayan aikinmu mu ce, “Ai ga shi nan.” Ina so in karanta hotunan da ake ɗauka a masarautar Daura da sunan bincike ko taimako kamar yadda zan karanta ƙagaggen labari. Abin da karatun ya nuna mini shi ne, kyamara tana ganin wanda talaucinsa ya fito titi, tana tsallake wanda ya rufe nasa a ɗaki. Kuma in da hoto ake auna inda taimako zai nufa, to ma'aunin ya karkace tun kafin a ɗora kaya.

Fuska biyu duniya ta sani ta Daura. Ta farko ta tarihi da sarauta ce: rijiyar Kusugu, ƙofar fada, dawakin hawan Sallah da na Gani, sai kuma ayarin motocin da suka riƙa shigowa garin tsakanin 2015 da 2023, lokacin da ɗan garin, Muhammadu Buhari, yake shugabancin ƙasa. Ta biyu ta rahotannin agaji ce: yaro da roba a hannu, mata a layi, jarkoki jere a bakin famfo. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, wato Daura, Mai'aduwa, Zango, Ɓaure da Sandamu, amma akasarin mutanenta ba sa cikin ko ɗaya daga fuskokin nan. Manomin gero, dillalin dabbobi a kasuwar Mai'aduwa, mai ƙuli-ƙuli, direban da ke bin hanyar Kwangwalam zuwa Damagaram, duk ba su kai a yi ado da su ba, kuma ba su kai a yi kuka da su ba.

Bari in ɗauki hoton almajiri, tunda shi ne bakandamiyar wannan fanni. Zubinsa kusan ɗaya ne ko'ina. Mai ɗauka yana tsaye, yaron yana ƙasa, don haka mai kallo daga sama yake leƙo shi. Idon yaron na kallon kyamara, robar tana gaba, bayansa kuma bango ne ko bola. Allo ba ya fitowa sai jefi-jefi, malam ba ya fitowa, iyaye kuwa babu su sam. A adabi za mu ce marubucin ya yanke tauraronsa daga tushensa, ya bar shi ba jiya ba gobe. Hoton ba zai gaya maka ko yaron ƙolo ne da aka kawo bana ko titibiri ne da ya kusa zama gardi ba. Ba zai gaya maka ko daga wani ƙauyen Ɓaure ya zo ko daga tsallaken iyaka ba, ko ubansa na da gona, ko zai koma gida da faɗuwar damina ya yi noma kamar yadda aka saba a karatun rani. Ba zai nuna maka uwar ɗakin da yake yi wa wanke-wanke da aike tana ba shi tuwon dare ba. Duk waɗannan su ne za su faɗa wa mai taimako abin da ya kamata ya yi, domin maganin yaron da yunwar gidansu ta koro daban yake da na wanda ubansa ke da hali amma ya ƙi makarantar boko. Hoton ya dunƙule su duka a kalma guda, tausayi. Ba ina cewa wahalar ƙarya ba ce. Ƙazuwa da kwanan sanyi a rumfar kasuwa gaskiya ne. Ina cewa labarin da ke da tauraro ɗaya da jigo ɗaya, wanda aka maimaita sau dubu, ya daina koyar da mai karatu komai.

Babbar matsalar ma ba a cikin hoton take ba, a wajensa take. Gidan Bahaushe an gina shi ne don ya tare ido. Daga zaure sai shigifa, sannan tsakar gida, kuma baƙo namiji a zaure yake tsayawa. Ginin zuciya ma haka yake. Muna da kalmar “rufin asiri”, wadda ke nufin samun abin da zai hana mutum tozarta, kuma idan aka ce wane mai rufin asiri ne, sau da yawa ana nufin yana fama amma ba ya nunawa. Aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta yi maganar mabuƙatan da wanda bai san su ba yake ɗauka mawadata ne saboda kamun kansu. Irin waɗannan ne suka fi yawa a unguwanninmu: matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, tsohon da ɗansa ya tafi ci-rani Legas ya daina aike, malamin firamare da ya yi ritaya. Tukunyarsu na iya kwana biyu ba ta hau murhu ba, amma za su fito da wankakkiyar riga. Me kyamara za ta ɗauka a nan? Wankakkiyar riga.

Masana halayyar al'umma sun daɗe suna amfani da hoto. Margaret Mead da Gregory Bateson sun wallafa nazarinsu na tsibirin Bali a 1942 cike da ɗaruruwan hotuna, John Collier kuma ya rubuta littafi sukutum a 1967 kan hoto a matsayin hanyar bincike. Sai dai abin lura ne cewa mafi zurfin ayyukan da baƙi suka yi a kanmu da kunne aka yi su. M. G. Smith, wanda littafinsa kan tarihin mulkin Daura ya fito a 1978, zama ya yi da dattawa da masu sarauta yana sauraro, har ya warware yadda ƙasar ta rabu uku bayan jihadi, tsakanin Daura da Zango da Ɓaure, da yadda Turawa suka mayar da sarautar gidan Haɓe a 1906. Babu hoton da zai nuna wannan. Matarsa Mary Smith ta yi abin da ya fi haka: ta shiga inda mijinta ba zai iya shiga ba, a ƙasar Zazzau, ta rubuta rayuwar Baba ta Karo daga bakinta, littafin ya fito a 1954. Abin da muka sani na aure da kishi da ƙawance da sana'ar matan karkara na wancan zamani, murya ce ta kawo mana shi.

Duk da haka ba zan raina ƙarfin hoto ba, domin maƙwabtanmu sun ɗanɗana shi. Bayan fari da farin ɗango na 2004 a Nijar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta roƙon taimako ba a kula ba, sai da hotunan yara masu tamowa daga Maraɗi suka fita a talabijin ɗin BBC a watan Yulin 2005 sannan kuɗi suka fara kwarara. An ceci rayuka, babu musu. Amma a dubi abin da ya faru da idon tarke. Hoton bai samu ba sai da yaran suka rame har suka cancanci a ɗauke su. Ma'ana, taimakon da ke jiran hoto dole ya makara. Kuma hoton ya ce “babu abinci”, alhali akwai hatsi a kasuwanni, kuɗin saye ne babu, farashi ya fi ƙarfin talaka. A ƙasar Daura ma haka lokaci ke yaudarar ido. Wanda ya ɗauki rumbu a kaka zai ga wadata. Wanda ya zo a tsakiyar damina zai ga gonaki kore shar, ya ce an ji daɗi, alhali a lokacin ne tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kuma a lokacin ne yunwa ta fi cizo.

Akwai wani nau'in hoton da na fi ƙi, shi ne hoton rabo. Na taɓa tsayawa a wani rabon kayan azumi a garinmu inda aka hana mata tafiya da buhunansu sai sun ɗaga su sama an ɗauka, kuma aka sake ɗauka saboda tambarin ƙungiyar bai fito sosai ba. Gwaggona, wadda sunanta ke cikin jerin, ta ƙi zuwa. Ta ce ba za ta sayar da fuskarta a kan mudu biyar ba. A irin wannan hoto tauraron shi ne mai bayarwa, mai karɓa kuwa kayan ado ne na dandamali. Na san uzurin: masu ba da kuɗin suna nesa, suna son shaida, kuma an sha cinye kayan agaji. Amma sa hannun mai unguwa da liman da rajistar sunaye sun fi hoto wuyar ƙirƙira, domin buhu ɗaya yana iya zagaya hannu goma a gaban kyamara. Illar da ba a lissafawa ita ce, sharaɗin ɗaukar hoto da kansa yana tace mabuƙata: mai kunya ya zauna gida, wanda ya saba da layi ya karɓa.

Abin mamaki, hoton da ya fi amfanar mu shi ne wanda ba ya nuna fuskar kowa. Daga wajen 2012 masu yaƙi da shan inna suka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen zana taswirar garuruwa a jihohin Arewa, har da Katsina. Kafin nan da hannu ake zana taswirar, kuma rugage da ƙananan unguwanni da yawa ba sa ciki, don haka masu rigakafi ba sa isa gare su. Hoton sama ya tona inda gidaje suke. Ya yi aiki ne saboda tambaya ƙarama aka yi masa: ina mutane suke? Sunan wurin, da yawan yaransa, da yardar magidanta, sai da aka taka da ƙafa aka bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Damuwata ita ce yadda ake neman ɗora wa irin wannan hoto tambayar da ta fi ƙarfinsa, wato wa ya fi talauci. Ƙungiyar GiveDirectly ta taɓa amfani da rufin ciyawa a matsayin alamar talauci a Kenya, Togo kuma ta haɗa hotunan sama da bayanan waya wajen zaɓen waɗanda za a tallafa wa lokacin annobar korona. A gwada wannan a nan. Rufin kwano na iya zama abin da ɗa ya yi wa uwarsa shekara goma da suka wuce, kafin ya rasu. Bukkar da ke gefen daji kuwa tana iya zama ta mai garken shanu.

Saura tambayar wa ke riƙe da kyamarar. A farkon shekarun 1990 Caroline Wang da Mary Ann Burris sun raba wa matan karkara kyamarori a lardin Yunnan na ƙasar Sin, suka ce su ɗauki rayuwarsu su kuma yi bayaninta da bakinsu a gaban jami'ai. Kusa da mu, a Kano, Hannah Hoechner ta yi aiki da almajirai tara suka shirya fim ɗin Duniya Juyi Juyi a 2011, su suka tsara labarin, su suka fito, su suka ɗauka. Abin da ya ja hankalina shi ne sauyin jigo. Da kyamara ta koma hannunsu, abin da suka fi nanatawa shi ne wulaƙanci da zargi da rashin a ɗauke su mutane, wanda hoton roba bai taɓa faɗa ba, tunda shi kansa yana cikin masu wulaƙantawar. Hanyar ba ta rasa aibi. Mai ba da kyamara shi ke zaɓen wanda zai ba, kuma a gidajenmu akwai matan da ko su da kansu ba za su so a ga tsakar gidansu a bangon wani ofis ba. Amma yau da waya mai kyamara ta shiga kusan kowace unguwa, ba kayan aiki ne suka yi ƙaranci ba. Da za a tambayi wata mata a ƙauyen Sandamu ta ɗauki abin da take so mai taimako ya sani, ina kyautata zaton ba fuskar ɗanta za ta ɗauka ba. Za ta ɗauki tsawon igiyar guga a watan Afrilu, da sauran dammunan gero nawa suka rage a rumbu ranar da aka yi shuka, sannan ta buƙaci a zauna ta yi bayani.