Jinjina ga Fatoman Sabo

Falke ya kawo shanu daga Arewa har Ibadan, bai san mahautan garin ba, ba ya jin Yarabanci. Wa zai yarda ya ba wa bashi? A da, a nan fatoma ke shigowa. A unguwar Sabo, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916, shi ne mai masauki: ya ba baƙo ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, sannan ya tsaya masa.

Tsayawar nan ce ta sa nake jinjina wa masu masaukin nan. Mahauta ba sa biya nan take, sai sun yanka sun sayar, kuɗi ya fito bayan makonni. In mahauci ya karye ko ya ranta a na kare, fatoma ne zai biya, tunda shi ya ce a bayar. Dole ke nan ya san kowane mahauci ciki da bai: wanda bashi ya yi wa katutu, wanda ke facaka, wanda bai taɓa saɓa alkawari ba. Wani baƙon ma a hannunsa yake ajiye kuɗin cinikinsa duka.

Wani mai bincike, Abner Cohen, ya rubuta littafi a kansu a 1969. Ba waliyyai ya tarar ba, 'yan kasuwa ne masu cin la'adarsu. Amma sun san fatoman da ya ci amanar baƙo ɗaya, kafin shanun baɗi su iso, fatake sun koma gidan maƙwabcinsa.