Kaset Ukun Da Suka Ƙi Tsufa

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, hirar waƙa za mu yi, wadda ta ga na yi son kai a ciki sai ta yi mini uzuri, ai kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya jawo maganar, kwanakin baya na je gida taya Innarmu fitar da kayan ɗakinta za a yi fenti, muna jan gado sai ga wata tsohuwar jaka duk ƙura, na zuge ta, ashe kaset-kaset ɗinmu ne na da, sun fi ashirin, wasu har da rubutun Yayanmu da biro a jiki. Inna ta ce, "Ke zuba su a shara, rikodar ma ai ta daɗe da mutuwa." Na ce, "Haba Inna, ai ƙuruciyata ce a ciki." Na zaɓi guda uku na taho da su, na aiki ƙanena wurin masu tura waƙa ya sa aka zuba mini waƙoƙinsu a waya, na yi mako guda ina ji ina aikin gida. So nake in gane, daɗin nan da nake tunawa yana cikin waƙoƙin da gaske, ko kuwa kewar yarinta ce kawai take ruɗa ta.

Don 'yan matan yanzu da ba su riski abin ba, kaset fuska biyu gare shi, wani na minti 60 wani na 90. In kin saka shi babu tsallake waƙa da ɗan yatsa kamar waya, in kina son maimaici sai kin mayar da zaren baya, in kuma an ɗauke wuta ana tattalin batir sai ki zura biro a ramin ki yi ta juyawa. Shi ya sa muke jin kaset daga farko har ƙarshe, da wadda muke so da wadda ba ma so, har su zauna mana a ka.

Na farko shi ne na Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, mutuniyar Funtuwa, wadda Allah Ya yi wa rasuwa a 2013. Kiɗanta amada ne, wato kiɗan ƙwarya, ƙore a kife, wata ma a kan ruwa, mata na kaɗawa mata na amshi. Muryarta ba siririya ba ce irin ta 'yan matan fim, murya ce ta babbar mace wadda ta haihu ta yi jego, ta san zafin murhu. Muna yara rawar kawai muke yi, in an zo wani wurin sai mu ga Inna da Goggo sun tafa suna ƙyalƙyala dariya, mu ma mu taya su ba tare da mun san me ake wa dariyar ba. In kuwa aka ji gyaran muryar Baba a zaure, sai Inna ta yi wuf ta rage sauti.

To wallahi da na sake ji yanzu sai na ga ashe rabin kaset ɗin ban taɓa jin sa ba, kunnena ne ya ji, hankalina bai kai ba. Ku ɗauki waƙarta ta "A Kama Sana'a Mata". Da ina ganin maganar tsofaffi ce, sai da na yi aure na ga yadda mace take zama tana jiran kuɗin sabulu da na anko daga hannun miji, ran da ya samu a yi fara'a, ran da bai samu ba a kwana ana kumbure-kumbure. Littafina na farko da kuɗin zoɓo da kunun aya na buga shi, ina ƙullawa ina zuba adashi, kuma ban ɓoye muku ba, waƙar nan tana cikin abin da ya cire mini kunyar sana'a. Barmani ba ta zo da turanci ko taron ƙara wa juna sani ba, da Hausar tsakar gida ta faɗa mana, irin wadda mata suke yi in maza sun fita. A ganina sirrinta ke nan. Haihuwa, kishi, biki, jikin mace, abin hannunta, duk abin da muke raɗa a kai ita ta ɗaga murya ta faɗa, kuma da yake abubuwan nan har gobe suna nan a gidajenmu, waƙar ba ta da hanyar tsufa.

Amma fa ba zan rufe ido in ce komai nata daidai ne ba. Waƙarta ta kishiya, "Sakarai Ba Ta Da Wayo", ita muka fi so muna 'yan mata, mu yi ta juyi muna nuna juna da baki. Sai ga shi Allah Ya ƙaddara ni ta biyu na shiga gidan mijina. Wata rana a wani biki aka saka ta, na ga idanun mata sun juyo kaina, wasu na guɗa, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Ran nan na gane waƙar da take sanyaya zuciyar wata, wata take ƙonawa. Gwaninta kam akwai, habaicin nan yana shiga kamar allura, sai dai ta ba mu makami ne mu soki junanmu, shi kuwa gogan da ya tara mu ko ƙwarzane bai samu ba. Har yau ina jin ta in yi dariya, amma ba na saka ta in abokiyar zamana tana kusa, kuma ba na so 'yata ta tashi da tunanin duk macen da ta shigo gidan wata sakarai ce.

Akwai kuma jerin sunayen Hajiyoyi da take yi, wance ta ba ni kaza, wance ta yi mini kaza. Da yana gundurata, don ban san ko ɗaya ba. Yanzu kuwa sai na ga ashe shaida ce ta cewa tun a wancan zamani akwai mata masu dukiyar kansu, masu kyautar da har za a waƙe su.

Na biyu na Ɗan Maraya Jos ne, Alhaji Adamu, wanda ya rasu a 2015. Shi kaɗai yake abinsa, ba 'yan amshi, daga shi sai kuntiginsa, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwani a rufe da fata. Wannan kaset ɗin Yaya ne, kuma gaskiya da ba ya burge ni, don ba a rawa da shi. Yanzu da nake rubutu sai na ga ashe malamina ne ban sani ba. Ku saurari "Jawabin Aure" ko "Auren Dole" ko "Gulma Wuya", za ku ga labari ne sukutum, da mutanensa da rikicinsa da inda ya ƙare, yana kawo maganar wannan ya kawo ta wancan kamar kina leƙen gidan maƙwabta. Abin da nake cika shafi ɗari biyu ina zagaye a kai, shi cikin 'yan mintuna ya gama. Ga shi bai raina kowa ba, lokacin da mawaƙa suke bin sarakuna da attajirai shi ya tsaya ya yi wa karen mota waƙa. Inda nake ganin gazawarsa, kiɗan kusan iri ɗaya ne, in kin bar kaset ɗin yana tafiya kina wanke-wanke ba lallai ki san an fita daga wata waƙa an shiga wata ba, wani lokacin kuma nasihar takan yi yawa har ta danne labarin. Waƙarsa tana son a zauna mata, ba ta son hayaniya.

Na ukun kuwa, hmm, shi ne wanda na fi so a duniya lokacin da na shiga sakandare, kaset ɗin waƙoƙin fim da aka sayo mana a Ƙofar Wambai, wanda waƙar Sangaya take farkonsa. Wace yarinya ce a lokacin ba ta ɗora kanta a matsayin Fati Muhammad ba, ga Ali Nuhu yana ɗan sarki? Da na kunna ta yanzu sai da ƙwalla ta zo mini, na tuna ƙawayena, na tuna waɗanda suka rasu a cikinsu. Amma da na share ido na saurara da kyau sai na ga kaset ɗin ya rabu biyu. Ita Sangaya tana nan da ranta, don duk da fiyano ne, an sa shi ya bi salon kiɗanmu na gida, shi ya sa jiki yake amsawa. Sauran kuwa, musamman waɗanda aka ɗauko karinsu daga finafinan Indiya aka ɗora musu Hausa, sun yi sanyi kamar tuwon jiya. Kalmomin ba su wuce zuciya da hawaye da mafarki ba, ki cire sunan wannan ki sa na waccan babu abin da zai canja. Kuma kada mu yi wa mawaƙa dariya, mu marubuta ma ciwon nan yana jikinmu.

Na yi wani ɗan gwaji. Na kira babbar 'yata, wadda ba ta da wata kewa a kan ko ɗaya, na kunna mata. Waƙoƙin fim ɗin dariya suka ba ta, ta ce, "Umma wannan fiyanon kamar na wasan yara." Ɗan Maraya ta ji rabi ta ce barci yake sa ta, ban yi mamaki ba, ni ma haka na ce a shekarunta. Da Barmani ta shigo sai na ga ƙafa tana motsi, can ta ce, "Umma me take nufi a nan?" Na ce in kin girma kya sani, sai na ji bakin Inna ne a bakina.

Za ku ce ina Shata? Kaset ɗin Shata na Baba ne, ba a taɓa masa, kuma ina firamare ya rasu a 1999, na tuna yadda Baba ya wuni jikinsa a sanyaye. Maganarsa ta fi ƙarfin wannan ɗan shafi, sai wani jiƙon.

Shawarata gare ku 'yan uwa, ku ji waƙoƙin zamaninku, akwai masu kyau a ciki, irin su Aminu Ala da fiyano suke yi amma akwai magana a bakinsu. Sai dai in waƙa ta burge ki, ki ɗan cire kiɗan a ranki ki dubi kalmomin, ki ga ko akwai abin da za su gaya miki ran da kike da 'ya'ya huɗu da miji da dangin miji. Kuma in kun je gida ku duba ƙarƙashin gadon iyayenku kafin a zubar, ku tambaye su wace waƙa suka fi so da dalili, za ku ji labarin da ba su taɓa ba ku ba. Ni ma sai ran nan Inna ta gaya mini cewa da kuɗin ƙuli-ƙulinta ta sayi rikodar.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yafe musu kurakuransu, mu kuma Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum.